Shin yadda ake nuna jami'an farin kaya a 24 da Spooks haka aikin yake?

Baban Ilham (Zariya):

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tsaro ce, ko waɗanda ke zaune a ƙasashen da ake shirya waɗannan finafinai.

Ni tela ne. Idan Sallah ta matso kwana muke yi a shago, to sai yarana suka samo 24, wani shirin Amurka mai dogon zango, a wajen masu tura finafinai, tun daga zangon farko, keke na tafiya talabijin na tafiya. Da muka cinye shi suka kawo Spooks na Ingila. Ni kaina na ji daɗinsu, sau da yawa nakan ɗaga ƙafa daga keke in tsaya kallo.

Abin da ya sa nake rubutu shi ne, makon jiya wayar wani ta ɓata a shagon da ke jikin namu, aka zargi almajirin da ke ɗebo mana ruwa. Sai na ji babban yarona, wanda na san shi da sanyin hali, yana cewa a ba shi yaron minti goma kacal a bayan shago zai fito da wayar, ai haka Jack Bauer, jarumin 24, yake yi kuma bai taɓa tashi a tutar babu ba. Da gaske yake faɗa. Na tsawatar masa. Amma da ya ce min, “To Oga, in ba haka hukumomin suke yi ba, ta yaya suke gano masu bam?” sai na rasa amsar da za ta cika masa ciki.

Shi ne na kawo muku. Ita wannan CTU, hukumar yaƙi da ta'addanci da ake nunawa a 24, akwai ta? 'Yan MI5, hukumar farin kaya ta Ingila da ake nunawa a Spooks, da gaske suna fasa ƙofa su kama mutum su harbe shi? Duka yana fitar da gaskiya cikin gaggawa irin yadda ake nunawa? Sannan me ya sa sau da yawa in an tashi nuna mai bam sai a nuna shi yana salla tukuna?

Direban Bas (Birmingham):

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Allah ya ba da sa'ar ɗinkin Sallah. Ni bas nake tuƙawa a Birmingham, kuma ina ƙasar nan tun kafin harin Landan na 2005. Abin da zan faɗa maka, wani a gabanmu ya faru, wani kuma a rahotannin binciken da aka fitar wa jama'a na karanta.

CTU dai babu ita, marubuta ne suka ƙirƙire ta. A Amurka FBI ce ke da alhakin yaƙi da ta'addanci a cikin gida, CIA kuma a waje. An fara haska 24 ranar 6 ga Nuwamba 2001, ko wata biyu ba a yi ba da harin 11 ga Satumba. Ya tarar da mutane cikin tsoro, suna neman wanda zai ce musu akwai mai iya tare abin da hannunsa.

MI5 kuwa gaskiya ce, tun 1909 take. Sai dai majalisa ba ta yi mata dokar kanta ba sai 1989, kuma ba a taɓa bayyana sunan shugabanta a hukumance ba sai da Stella Rimington ta hau a 1992. Abin da zai ba yaronka mamaki shi ne, jami'in MI5 ba shi da ikon kama kowa. Bin sawu, sauraro, dasa ɗan rahoto a cikin ƙungiya, tattara bayanai, nan aikinsa ya tsaya. In lokacin kamu ya yi, 'yan sanda ake kira, su ne ke buga ƙofa da asuba, su ne ke yin tambayoyi, lauya yana zaune ana naɗa. Kafin a saurari wayar mutum sai minista ya sa hannu, kuma tun bayan dokar 2016 sai wani alƙali ya duba ya amince. Wanda ake zargi da ta'addanci ba a riƙe shi fiye da kwana 14 ba tare da tuhuma ba. A Nuwamban 2005 Firaminista Tony Blair ya nemi a mai da shi kwana 90, majalisa ta ƙi, aka tsaya a 28, daga baya a 2011 ya dawo 14. Ko ginin da Spooks ke nunawa ba nasu ba ne, wani ne daban a Covent Garden. Nasu Thames House yana bakin kogi.

Kada ka auna DSS tamu da wannan. Ita a 1986 aka kafa ta, lokacin da Babangida ya rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO ya raba ta uku, kuma jami'anta suna riƙe makami suna kamu. Tsarin kowace ƙasa daban.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne a wajena. Wurin da finafinan suka fi kauce wa gaskiya shi ne inda suke koya mana cewa bayani yana ɓoye a cikin kan mutum ɗaya, agogo yana gudu, saura a fasa kan a ciro shi. In ka karanta binciken da aka yi bayan kowane babban hari a ƙasar nan, akasin haka za ka gani. Bayanin yana nan a hannu tun tuni, a cikin wani fayil, ba a ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba.

Ranar 7 ga Yuli 2005 an kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da bas ɗaya, mai lamba 30, a Tavistock Square. Mu direbobi mun daɗe muna kallon duk wanda ya shigo da jakar goyo ta madubi, kuma fasinjoji suna kallona ni ma. Daga baya ta fito cewa jagoran maharan, Mohammad Sidique Khan, da abokinsa Shehzad Tanweer, MI5 ta gan su tun farkon 2004. Ta ɗauki hotonsu suna ganawa da wani da ake bi saboda shirin haɗa bam da takin zamani. Aka ɗauke su a matsayin 'yan gefe, masu harkar damfarar kuɗi, aka mai da hankali kan waɗanda ake ganin sun fi haɗari.

Manchester ta fi ciwo. Salman Abedi ya kashe mutum 22 ranar 22 ga Mayu 2017, da yawansu yara da matasa. An taɓa buɗe masa fayil an rufe a 2014. Na'urar tantancewa ta sake tsamo sunansa, har an sa ranar zaman duba lamarinsa: 31 ga Mayu. Kwana tara ke nan bayan harin. Ya dawo daga Libiya kwana huɗu kafin ya tayar da bam ɗin, ba wanda ya tare shi a filin jirgi. A Maris 2023 kwamitin binciken harin ƙarƙashin Sir John Saunders ya ce an bar wata muhimmiyar dama ta wuce, domin wani bayani ya shigo ba a yi aiki da shi da gaggawa ba, kuma shugaban MI5, Ken McCallum, ya fito ya ba da haƙuri.

Ba sakaci kaɗai ba ne, yawa ne. A wannan shekarar ta 2017 an bayyana cewa suna da bincike kusan 500 a buɗe, da mutum kusan 3,000 da ake sa wa ido, da wasu 20,000 da aka taɓa dubawa aka ajiye. Aikin kamar tsince tsakuwa ne a buhun shinkafa, ga shi tsakuwar farinta ɗaya da shinkafar. Jarumin wannan aiki wata ma'aikaciya ce da ke zaune gaban kwamfuta tana yanke shawarar wane fayil za a ɗauko yau, wane zai jira.

Sai ka tambayi kanka, su wa ke kawo bayanin? Khuram Butt, jagoran harin London Bridge da ya kashe mutum 8 a Yunin 2017, ɗan'uwan matarsa ne ya buga wa layin kai rahoton ta'addanci tun 2015 ya ce surukinsa ya canza. Saƙon bai isa ga masu bincikensa a MI5 ba. Mu kuma muna da namu. Alhaji Umaru Mutallab ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa a Nuwamban 2009, ya ce ɗansa Umar Faruk ya tafi Yaman ya yanke hulɗa da gida, yana jin tsoro. Aka sa sunan a wani jeri mai sunaye sama da rabin miliyan, ba a sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. An ma yi kuskuren harafi wajen neman sunan, har da farko ba a lura yana riƙe da bizar Amurka ba. Ranar 25 ga Disamba ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit. Bam ɗin ne bai tashi yadda aka shirya ba, fasinjoji suka danne shi. Duk uba ya san abin da ake haɗiyewa kafin a kai ƙarar ɗan cikinka wajen baƙi.

Nan ne tambayarka ta ƙarshe take shigowa. A Yunin 2003 Spooks ya yi wani kashi a kan wani masallaci a nan Birmingham, inda limami ke shirya yaro ya zama ɗan ƙunar baƙin wake. Musulmi sun kai ƙorafi sosai. Hujjar BBC ita ce ai jarumin kashin ma Musulmi ne, wani jami'i ɗan Aljeriya da ya rasa ransa wajen hana yaron. Alexander Siddig ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Sudan, ɗan ɗan'uwan marigayi Sadiq al-Mahdi, kuma ya iya wasa. Amma duba hoton da aka bar wa mai kallo: a cikin sahu akwai mai bam, akwai mai yi wa hukuma leƙen asiri. Tsohon da ya zo da jikansa, da mai tasi da ya ajiye mota ya shigo da gudu kada ya rasa raka'a, ba a gan su ba, alhali su ne masallacin. Ba a fim kaɗai tunanin ya tsaya ba. A 2010 an dasa kyamarori sama da 200 a Washwood Heath da Sparkbrook, unguwanni biyu masu yawan Musulmi, wasu a ɓoye, aka ce don maganin ƙananan laifuka ne. Sai ta bayyana cewa fam miliyan 3 ɗin daga asusun yaƙi da ta'addanci ya fito. Duk wanda ya bi ta wajen a lokacin ya gan su a saman turaku an lulluɓe su da jakunkuna. Shugaban 'yan sandan yankin ya nemi afuwa, a 2011 aka cire su. Mutanen da aka zagaye da kyamara su ne mutanen da ake fatan gobe za su ɗaga waya su ce ɗanmu ya canza.

Mai Alƙalami (Kano):

Kawu Direba, Allah ya ƙara sani, na ƙaru. Amma bari in ɗan kare 'yan'uwana marubuta, don ni ma rubutun shiri mai dogon zango nake yi.

Ma'aikaciyar nan mai duba fayil, in na ba furodusa kashi guda a kanta, ba zai karanta shafi na uku ba. Mai kallo yana riƙe da waya, in ka bar shi minti biyu babu abin da ya motsa, ya tafi TikTok. Shi ya sa ake sa agogo. 24 gaba ɗayansa a kan agogo aka gina shi, kashi 24, kowanne awa ɗaya ce ta rana ɗaya. Da zarar ka ɗaure kanka da haka, ba ka da wata shida na bin sawu, ba ka da lokacin jiran sa hannun minista. Dole wanda aka kama ya yi magana kafin a tafi talla. Tsarin labarin ne ya haifi azabtarwar tun kafin a zo maganar aƙidar kowa.

Inda nake ganin laifinmu shi ne abin da muke nunawa bayan an yi. Marubuci shi ke da iko da sakamako. Shi ya san wanda aka ɗaure a kujera mai laifi ne, shi ya san bam ɗin gaskiya ne, shi ya sa adireshin da aka faɗa ya zama daidai. Jami'in gaske ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. A zango na huɗu na 24 an gana wa wata ma'aikaciyar CTU azaba bisa zargin cin amana, aka gane ba ita ba ce, sai ga ta ta koma kujerarta ta ci gaba da danna kwamfuta. Wanda ya taɓa zama da mutumin da aka yi wa haka ya san ba a tashi a koma aiki.

Kuma labarin kuskure ma yana riƙe mai kallo in an iya rubuta shi. Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai aikin wutar lantarki, 'yan sanda sun harbe shi har lahira a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Stockwell ta Landan ranar 22 ga Yuli 2005, sun ɗauka wani ne da ake nema. Akwai gudu, akwai agogo, akwai komai a safiyar nan.

Maman Abba (Kano):

Ni ban kai ku sani ba, amma ina so in faɗi abu ɗaya. A kusa da Bompai muke zaune ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012. Bayan la'asar aka fara tayar da bama-bamai. Tagoginmu suka zube, yarana biyu suna Islamiyya, maigida yana kasuwa, waya ba ta shiga. Na fita ba takalmi, wata maƙwabciya ta janyo ni cikin zaurensu muka kwanta a ƙasa har bayan isha'i ana harbi. Nawa Allah ya dawo min da su. Mutum 185 aka ce sun rasu, kuma na san gidajen da aka yi zaman makoki.

Malam, da a ce a safiyar ranar an kama ɗaya daga cikinsu, aka ce min in an matsa masa zai faɗi inda motocin suke, wallahi ba zan ce a ƙyale shi ba. Ba na alfahari da hakan, amma ita ce gaskiyar zuciyata. Shi ya sa idan na ga matasa suna son irin Jack Bauer ba na ganin mugunta ce tsagwaronta. Wanda ya taɓa kwanciya a zaure yana jin ƙarar nan yana so a ce akwai wani a waje da ba ya jiran takarda. Ku da kuke da karatu, me za ku ce wa irina?

Direban Bas (Birmingham):

Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara tsare miki zuri'a. Babu mai hankalin da zai ga laifinki. Abin da zan iya ce miki shi ne, abin da kike fata an gwada shi, da kuɗi da likitoci da izinin gwamnati, kuma an rubuta abin da ya fito.

Bayan 11 ga Satumba CIA ta yi shekaru tana azabtar da waɗanda ta kama a ɓoyayyun wurare. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin, shi kaɗai sau 183 aka yi masa azabar nan ta kwarara ruwa a fuska har mutum ya ji yana nutsewa. A Disamban 2014 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Dianne Feinstein ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa, kusan shafi 500, bayan duba takardun hukumar kanta. Hukuncinsa shi ne hanyar ba ta yi tasiri wajen samo sahihin bayani ba, kuma waɗanda aka azabtar sun riƙa ƙirƙirar labari don a sarara musu. CIA ta musanta wasu sassa, amma ba ta musanta cewa an samu bayanan ƙarya ba. Akwai wanda ya fi kowanne tsada. Ibn al-Shaykh al-Libi, wani kamamme da aka miƙa shi Masar, ya ce Iraƙi ta koya wa al-Ƙa'ida haɗa makamai masu guba. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya kai wannan magana gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003, tana cikin hujjojin yaƙin Iraƙi. A farkon 2004 mutumin ya janye, ya ce ya faɗa ne don a daina. A safiya irin wadda kike magana, in ya ce motocin suna Sharaɗa alhali suna wani wuri, jami'an da ake da su can za su tafi.

Sojojin Amurka ma sun ji illar fim ɗin a jikinsu. A Nuwamban 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar horar da hafsoshi ta West Point, ya tafi har California tare da ƙwararrun masu tatsar bayanai, ya roƙi masu shirya 24 su rage. Ɗalibansa ne ke kawo masa Jack Bauer a matsayin hujja a aji, irin yadda yaron Baban Ilham ya kawo a shago.

Shi kuma Umar Faruk, da aka sauke shi a Detroit ya ɗan yi magana, sannan ya yi shiru. Abin da FBI ta yi shi ne ta turo jami'ai Najeriya, suka zauna da dangi kwana da kwanaki har aka yarda da su, a tsakiyar Janairun 2010 suka koma tare da wasu 'yan'uwansa. Bayan ya gana da su ne ya buɗe baki, ya yi bayani a kan yadda aka shirya shi a Yaman da rawar da malamin al-Ƙa'ida Anwar al-Awlaki ya taka. A Oktoban 2011 ya amsa laifinsa a gaban kotu, a Fabrairun 2012 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai.